Yadda jiha a Amurka ke zaɓar wakilanta zuwa taron gyaran tsarin mulki, da yadda take riƙe linzaminsu

A ranar 10 ga Yulin 1787, mutum biyu cikin ukun da jihar Niyu Yok ta tura taron Filadelfiya, inda aka rubuta kundin tsarin mulkin Amurka, suka tattara komatsansu suka koma gida. Robert Yates da John Lansing sun ce an aike su ne su yi wa tsohuwar yarjejeniyar da ta haɗa jihohi kwaskwarima, ga shi kuma taron ya duƙufa wajen rubuta sabon kundi. Na ukunsu, Alexander Hamilton, tun farko hanyarsa daban da tasu, kuma shi kaɗai ba ya iya jefa ƙuri'ar jiha. Daga ranar har aka tashi taron a 17 ga Satumba, Niyu Yok ba ta da ƙuri'a a zauren da ake shata makomar ƙasar. Majalisar jihar ba ta tanadi wanda zai maye gurbinsu ba, ba ta kuma faɗi abin da za a yi idan wakilanta sun rabu ba.

Duk abin da zan bayyana a wannan jagora ƙoƙari ne na toshe irin waccan ɓaraka.

Sashe na Biyar na kundin tsarin mulkin Amurka bai kai kalma 150 ba, amma ya buɗe ƙofa biyu ta gabatar da gyara. Ta farko, kashi biyu cikin uku na majalisar wakilai da na majalisar dattawa su amince. Duka gyare-gyare 27 da ke cikin kundin ta nan suka shigo. Ta biyu, idan majalisun dokoki na kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 34 cikin 50, suka nema, wajibi ne majalisar tarayya ta kira taron gabatar da gyara. George Mason na Birjiniya ne ya matsa a kan wannan a ranar 15 ga Satumban 1787, da hujjar cewa ranar da gwamnatin tarayya ta zama azzaluma, ba ita za ta kawo gyaran da zai rage mata ƙarfi ba. Ko ta wace ƙofa gyara ya shigo, ba ya zama doka sai jihohi 38 sun tabbatar da shi.

Ba a taɓa kiran irin wannan taro ba, sai dai an sha zuwa bakin ƙofa. A 1969 yunƙurin Sanata Everett Dirksen kan yadda ake raba mazaɓun majalisun jihohi ya tara jihohi 33, saura ɗaya tal. Zuwa 1983 masu neman a hana gwamnatin tarayya kashe abin da ya fi kuɗin shigarta sun kai 32, kafin wasu jihohin su janye. Ƙungiyar Convention of States mai fafutukar a kira irin wannan taro, wadda ta fara aiki a 2013, ta samu jihohi 19 zuwa 2022. Kuma sashen bai ce uffan ba kan wanda zai je taron, da yawansu, da wanda zai tsawata musu. Wannan giɓi ne jihohi suka fara cikewa da dokokinsu.

Mataki na 1: A yi doka tun taro bai taso ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da jiha ta 34 ta miƙa takardarta, kowane ɗan majalisa zai riga ya san wanda yake so a tura da abin da yake so a samu, kuma duk ƙa'idar da aka rubuta a lokacin za a auna ta ne da sunayen mutane. Shi ya sa Indiyana ta yi nata tun 2013, lokacin da David Long ke jagorantar majalisar dattawan jihar, Gwamna Mike Pence kuma ya sa hannu. Fulorida da Tenesi suka biyo baya a 2014, Tekzas da Wiskonsin a 2017.

A raba aikin gida biyu. Abin da ya shafi kuɗi da hukunci sai an yi masa cikakkiyar doka, wadda za ta bi ta teburin gwamna. Naɗin wakilai da rubuta musu umarni kuwa a bar shi ga ƙudurin haɗin gwiwa na zaurukan majalisa biyu, wanda ba ya buƙatar sa hannun gwamna, domin Sashe na Biyar majalisun dokoki ya ambata, bai ambaci gwamnoni ba. Nebraska ce kaɗai mai zaure ɗaya. Sauran jihohi 49 dole dokarsu ta faɗi abin da za a yi idan zauruka biyun suka kasa jituwa, kamar a ce kowanne ya naɗa kasonsa, ko a yi zaman haɗin gwiwa a jefa ƙuri'a. In an bar wannan a buɗe, jihar da jam'iyyu biyu suka raba zaurukanta tana iya wayar gari da kujera babu kowa a kai.

Mataki na 2: A yanke wanda zai yi zaɓen

Nan ne gardama ta fi tsanani, kuma hanyoyi uku ne a gaba.

Ta farko majalisar jiha ta naɗa. Wannan ce al'adar da aka gada. Kusan haka aka yi a 1787, kuma ita Indiyana da Tekzas suka bi. Fa'idarta a fili take: wanda ya aika shi ke da ikon kira, kuma majalisar da ta nemi taron ita ta fi sanin abin da ta nema. Illarta kuma jam'iyyar da ke da rinjaye, ko da da kujera ɗaya ne, tana iya kwashe tawagar baki ɗaya. Wiskonsin ta yi ƙoƙarin rage wannan. Wakilai tara ta tanada: uku daga hannun kakakin majalisar wakilai, uku daga shugaban majalisar dattawa, ɗaya daga gwamna, sannan shugabannin marasa rinjaye na zauruka biyun kowanne ya kawo mutum guda. Biyu cikin tara ba za su juya ƙuri'ar jiha ba, amma suna da ido da baki, kuma duk abin da aka ƙulla a ɗakin tawaga za a ji shi a gida.

Ta biyu gwamna ya naɗa. An ga haka a taron neman sulhu na Washinton a Fabrairun 1861, inda jihohi 21 suka hallara ƙarƙashin jagorancin tsohon shugaban ƙasa John Tyler don kauce wa yaƙin basasa. Wasu wakilan majalisu suka turo su, wasu gwamnoni. Hanyar tana da sauri, amma ni ban ga dalilin damƙa wa mutum ɗaya abin da ya shafi kundin ƙasa ba. A ba gwamna kujera ɗaya, ko ikon cike gurbi na wucin gadi idan majalisa ba ta zama, ya wadatar.

Ta uku jama'a su zaɓa da ƙuri'arsu. Wannan ma tana da tarihi. Lokacin da za a soke haramcin sayar da barasa a 1933, majalisar tarayya ta tura gyara na 21 ga tarukan jihohi maimakon majalisunsu, kuma masu zaɓe ne suka fitar da wakilan, galibi kowane ɗan takara ya bayyana tun a takardar ƙuri'a ko yana goyon bayan sokewar ko yana adawa. An gabatar da gyaran a Fabrairu, Yuta ta cike jiha ta 36, adadin da ake buƙata a lokacin, a ranar 5 ga Disamba. Haka kuma ƙudurin da Sanata Sam Ervin ya kawo, wanda majalisar dattawan tarayya ta amince da shi a 1971 da 1973 amma ya mutu a majalisar wakilai, ya tanadi a zaɓi wakili ɗaya daga kowace mazaɓar tarayya da wasu biyu daga jihar baki ɗaya. Wakilin da jama'a suka zaɓa ya fi kwarjini, babu shakka. Amma a tuna da abu biyu. Zaɓe na buƙatar kuɗin yaƙin neman ƙuri'a, kuma mai kuɗi zai shigo. Sannan ranar da majalisa ta ce ya dawo gida, yana iya cewa ba ita ta tura shi ba. Wakilan 1933 tambaya ɗaya aka ba su, i ko a'a. Wakilin taron gabatar da gyara kuwa rubutu zai yi, da ciniki a kan kowace kalma.

Mai karatu ɗan Najeriya ya san ɗanɗanon wannan gardama, tunda tsarin shugaba mai cikakken iko da ƙasar ta ɗauka a 1979 daga Amurka aka kwaikwayo shi. Taron ƙasa na 2014 da Mai Shari'a Idris Kutigi ya jagoranta ya ƙunshi wakilai 492 waɗanda naɗa su aka yi, kuma tambayar da ta bi shi har ƙarshe ita ce wa ya aiko ku. Bambancin shi ne kundin 1999 bai san da taro ba. Sashe na 9 ya bar gyara a hannun majalisar tarayya da majalisun jihohi 24 cikin 36.

Shawarata ita ce majalisa ta naɗa, a ware wa marasa rinjaye kujeru a cikin doka, a kuma tantance kowane mutum a zaman da jama'a da 'yan jarida za su halarta.

Mataki na 3: Adadi, da yawan da zai iya magana da sunan jiha

Babu wanda ya san yadda za a ƙirga ƙuri'a a taron. A Filadelfiya da Washinton kowace jiha ƙuri'a ɗaya take da ita, komai yawan mutanen da ta turo. Masana irin su Robert Natelson suna cewa haka za a sake yi. Wasu kuma suna ganin Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 ba za ta yarda a daidaita ta da Wayomin da ba ta kai 600,000 ba. Don haka dokar jiha ta faɗi adadinta, sannan ta ƙara da cewa idan kiran taron ya zo da wani adadi daban, ga yadda za a cike shi.

Adadin ya zama mara, kada ya zama cika. A ranar 16 ga Yulin 1787, ranar da aka kaɗa ƙuri'a kan sulhun da ya ba kowace jiha kujeru daidai a majalisar dattawa, wakilan Masacusets huɗu suka rabu biyu da biyu, ƙuri'ar jihar ta tashi a banza, sulhun ya tsallake da jihohi biyar a kan huɗu. Indiyana ta tanadi mutum biyu, abin da nake gani kuskure ne saboda wannan dalili. Biyar na Tekzas ya fi dacewa. Ga shi kuma taro kwamitoci yake rabuwa, mutum biyu ba za su iya zama a ɗaki huɗu a lokaci guda ba. Biyar ko bakwai shi ne daidai. Abin da ya wuce tara sai tawagar ta zama ƙaramar majalisa.

Sai a faɗi mutum nawa ne za su iya jefa ƙuri'ar jiha idan wasu ba sa nan. A 1787 Birjiniya ta ce uku sun isa, Fensilbaniya da ta tura takwas ta ce huɗu, Merilan kuwa ta yarda ko mutum ɗaya ne ya halarta ya yi magana da sunanta. A rubuta cewa ƙuri'ar jiha ita ce ta mafi rinjayen waɗanda ke zaure, a kuma naɗa shugaban tawaga wanda zai furta ta.

Kowane wakili a haɗa shi da ɗan ko-ta-kwana mai suna, kamar yadda Indiyana ta yi. Shi ma ya je garin taron, ya yi rantsuwa, ya bi muhawara. Ɗan ko-ta-kwanan da ke zaune a gida, tafiyar yini guda daga zaure, ba shi da amfani ranar da ake buƙatarsa.

Mataki na 4: Wa ya cancanta

Sharuɗɗan Indiyana sun isa abin koyi: mazaunin jihar, mai rajistar zaɓe, ya kai shekara 18, ba ya cikin masu rajistar kamun ƙafa a majalisa, kuma ba ya riƙe da muƙamin tarayya. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan lamarin. An tanadi taron ne don a zagaye gwamnatin tarayya, to tura sanata ko ɗan majalisar tarayya kamar ba kura ajiyar nama ne.

Tekzas ta ƙara da cewa sai ɗan majalisar jiha, uku daga zauren wakilai, biyu daga na dattawa. Hujjarsu ɗan majalisa yana da abin da zai rasa, kuma zai dawo ya haɗa ido da abokan aikinsa da mutanen mazaɓarsa. Hujja ce mai nauyi. Duk da haka na fi son a bar kujera ɗaya ko biyu ga wanda ya ƙware a rubutun doka, tsohon alƙali ko malamin jami'a, domin jimla guda a kundin tsarin mulki kotuna kan shekara ɗari suna fassara ta.

A wajen tantancewa, kowa ya bayyana kadarorinsa da ƙungiyoyin da suka taɓa biyansa, musamman masu fafutukar a yi taron ko a hana shi. A tambaye shi kai tsaye: idan sauran jihohi suka buɗe batun da ba a aike ka da shi ba, kuma kai a zuciyarka kana goyon bayansa, me za ka yi? A rubuta amsarsa a ajiye.

Mataki na 5: Takardar wakilci da takardar umarni

Wanda ya karanci fiƙihu ya san bambancin wakilin da aka sakar wa ragama da wanda aka keɓe wa aiki guda. Wakilin da aka ce ya karɓo auren wance ba shi da hurumin ya ɗauro da ƙanwarta don ya ga ta fi dacewa. Wakilin jiha irin na biyun ne, kuma takardu biyu ke ɗaure shi.

Takardar wakilci ita ake miƙa wa taron. Tana ɗauke da sunansa, da hukumar da ta naɗa shi, da iyakar hurumin da aka ba shi. Kowa a zauren zai ji an karanta ta, don haka babu wanda zai ce bai san inda igiyar wannan mutum ta tsaya ba. A ɗauko kalmomin iyakar daga takardar da jihar ta nemi taron da ita, kalma bayan kalma. Idan jihar ta nemi taro kan daidaita kasafin kuɗi, a rubuta haka, kada a ƙara wata jimla mai faɗi irin "da sauran abubuwan da suka dace". A taron Anafolis na 1786, inda mutum 12 daga jihohi biyar suka hallara kan harkar kasuwanci, takardar Niyu Jesi ce ta zo da irin wannan ƙarin, kuma wakilan sun kafa hujja da ita wajen kiran babban taron Filadelfiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Takardar umarni kuwa tsakanin jiha ce da wakilanta, kuma ana iya sabunta ta yayin da taro ke gudana. A nan ake faɗin matsayin jiha kan dokokin taron, irin su yadda za a ƙirga ƙuri'a da ko za a bar 'yan jarida su shiga, da abin da jihar ke so a gyaran, da abin da ba za ta taɓa karɓa ba.

Labarin Delaweya ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙaramar jiha ce, tana tsoron manya su haɗiye ta. Majalisarta ta rubuta wa wakilanta biyar cewa ba su da ikon amincewa da duk abin da zai taɓa ƙa'idar jiha ɗaya ƙuri'a ɗaya. An karanta wannan a zaure tun ranar buɗewa, 25 ga Mayu. Kwana biyar bayan haka, da aka taso da batun rabon kujeru bisa yawan jama'a, George Read na Delaweya ya miƙe ya tuna wa taron cewa hannunsu a ɗaure yake, kuma idan aka zartar yana iya zama dole su fice. Aka ɗage maganar. A ƙarshe Delaweya ba ta samu duk abin da ta ce ba, domin majalisar wakilai ta tafi bisa yawan jama'a, amma ta samu daidaito a majalisar dattawa, kuma har aka rubuta a Sashe na Biyar cewa ba za a ƙwace wa wata jiha wannan daidaito ba sai da yardarta. Wakilanta sun amince da kundin, jihar kuma ita ce ta fara tabbatar da shi a 7 ga Disamban 1787.

Masu tsoron taro suna kawo wannan labari a matsayin shaida cewa wakilai kan tsallake umarni. Ni abin da na gani a ciki shi ne umarni gajere, bayyananne, wanda kowa ya ji, ya zama makami a hannun wakili lokacin ciniki. Saboda haka haramtattun abubuwa su zama kaɗan, uku ko huɗu, a rubuta su da harshen da ba ya ɗaukar fassara biyu. Sauran a bar wa wakili sarari. Idan kowace jiha cikin hamsin ta ɗaure wakilanta da nassin gyaran da ita ta rubuta, to babu abin da za a tattauna.

Mataki na 6: Rantsuwa da guzuri

Rantsuwar ta ambaci kundin ƙasa, da na jiha, da takardun nan biyu da sunansu. A sa hannu, a ajiye kwafi a ofishin sakataren jiha, kuma kada a ba kowa takardar wakilci sai ya rantse.

Kuɗin tafiya da masauki da na ma'aikata jiha ce za ta biya, kuma a ware shi tun a cikin dokar. Niyu Hamsha ba ta yi haka ba a 1787, wakilanta ba su isa Filadelfiya ba sai 23 ga Yuli, bayan an gama babbar muhawarar rabon kujeru, kuma John Langdon ne ya biya wa kansa da abokin tafiyarsa daga aljihunsa. A yau idan jiha ta yi rowa, akwai masu jiran su biya. A haramta karɓar kyauta, ko masauki, ko tikitin jirgi, ko alkawarin aiki, daga ranar naɗi har zuwa wani wa'adi bayan taro.

Mataki na 7: Wanda zai zauna a gida yana kallo

Majalisun jihohi da yawa ba sa zama duk shekara. Ta Tekzas kwana 140 take yi cikin shekara biyu, kuma gwamna ne kaɗai ke iya kiran zama na musamman. Montana da Nebada da Dakota ta Arewa su ma shekara bibbiyu suke zama. Taron Filadelfiya ya ɗauki kusan wata huɗu. To idan wakili ya kauce a watan da majalisa ke hutu, wa zai tanka?

Amsar ita ce kwamitin sa ido mai cikakken ikon majalisa a lokacin hutu. Ya ƙunshi 'yan zauruka biyu da jam'iyyu biyu, ya zama ƙarami yadda zai iya haɗuwa cikin sa'o'i, ko ta waya ko ta bidiyo. Kada wakili ya zama ɗan kwamitin. Shugaban tawaga ya aiko da rahoto a rubuce kowace rana da aka zauna: me aka gabatar, yaya kowane wakili ya kaɗa ƙuri'a a cikin tawaga, me ke tafe gobe. A wallafa rahoton a intanet.

Indiyana ta ƙara wata dabara da na yaba. Ta kafa ƙungiyar ba da shawara ta alƙalai uku: babban jojin jihar, da shugaban kotun ɗaukaka ƙara, da alƙalin kotun haraji. Wakilin da ke shakkar ko wani ƙuduri ya fita daga huruminsa yana iya tambayarsu kafin ya kaɗa ƙuri'a, su ba shi amsa cikin sa'a 24. Yawancin saɓawa ba daga mugun nufi take tasowa ba. Ka ɗauki gyaran daidaita kasafi: idan wani ya kawo sakin layi da ke iyakance ikon sanya haraji, yana ciki ko yana waje? Mutum nagari na iya ruɗewa, kuma gara ya samu wurin tambaya.

Sai batun sirri. Wakilan Filadelfiya sun haramta wa kansu fitar da abin da ake faɗa a zaure. Idan aka maimaita haka, duk tsarin sa ido ya rushe. A sa a takardar umarni cewa wakilai su ƙi duk dokar da za ta rufe zaman babban zaure ko ta ɓoye ƙuri'u, kuma babu wata dokar taro da za ta hana su kai rahoto ga kwamitinsu.

Mataki na 8: Kiranye, soke ƙuri'a, da batun ɗauri

Dokokin da jihohi suka yi galibi makamai uku suke riƙe da su. Ana yi wa wakili kiranye ɗan ko-ta-kwana ya hau kujerarsa. Ana ayyana ƙuri'ar da ta fita daga hurumi a matsayin wofi. Ana kuma gurfanar da shi. A Indiyana babban laifi ne da ɗaurinsa ke iya kaiwa shekara biyu da rabi, a Fulorida shekara biyar.

Ɗaurin ne ke jan hankalin jaridu, amma shi ne mafi rauni cikin ukun. Na farko, yana zuwa ne bayan aikin gama ya gama. Na biyu, ba a taɓa gwada shi a kotu ba, kuma hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli suna ja ta fuska biyu. A shari'ar Hawke da Smith ta 1920 kotun ta hana Ohayo miƙa tabbatar da gyara ga ƙuri'ar raba gardama. A ta Leser da Garnett ta 1922 ta ce majalisar jiha, idan tana tabbatar da gyara, aikin tarayya take yi wanda ya fi ƙarfin takunkumin da jiha za ta sa mata. Lauyan wakilin da aka gurfanar da waɗannan zai fara. A ɗaya ɓangaren akwai hukuncin Chiafalo na Yulin 2020, inda kotun ta amince jihar Washinton ta ci tarar dala 1,000 ga wakilan zaɓen shugaban ƙasa, wato waɗanda jiha ke naɗawa su jefa ƙuri'unta, da suka saɓa alkawari a 2016, ta kuma goyi bayan Kolorado da ta tsige nata ta maye gurbinsa nan take. Sai dai kundin ya ba jihohi ikon naɗa waɗancan wakilai a fili, abin da Sashe na Biyar bai yi ba. Tsohon babban jojin ƙasa Warren Burger ma, a wasiƙar da ya rubuta wa 'yar fafutukar siyasa Phyllis Schlafly a 1988, ya nuna bai ga wata ingantacciyar hanya ta taƙaita irin wannan taro ba. Ga wata illa kuma: mutumin kirki mai sana'arsa zai yi tunani sau biyu kafin ya karɓi aikin da kuskuren fassara zai iya kai shi gidan yari. In za a sa hukunci, a taƙaita shi ga wanda ya saɓa da gangan bayan an gargaɗe shi a rubuce.

Soke ƙuri'a ma yana da iyaka. Jiha na iya cewa ƙuri'ar wofi ce, amma magatakardan taro ya riga ya rubuta ta. Sai taron da kansa ya yarda da hakan a cikin dokokinsa. Don haka aikin farko na tawaga, tun ranar buɗewa, shi ne ta haɗa kai da sauran jihohi a sa doka cewa duk ƙudurin da ya fita daga batun da aka kira taro a kai ba za a saurare shi ba, kuma kwamitin tantance wakilai zai karɓi takardar kiranye daga jiha ba tare da muhawara ba. Jihohi 19 da suka haɗu a Finiks ta Arizona a Satumban 2017 irin wannan share fage suka je yi, suka tsara daftarin dokokin taro tun babu taron.

Kiranye shi ne igiyar gaske, saboda yana aiki kafin ƙuri'a. A tsara shi dalla-dalla: wa ke da ikon sa hannu, ta wace hanya takardar za ta isa ga shugaban taro, da cewa kujerar ta koma hannun ɗan ko-ta-kwana daga lokacin da aka miƙa ta. A ba wakili damar kare kansa, amma a dakatar da ƙuri'arsa har a gama sauraro. Kuma kiranye ya zama bisa dalilan da doka ta lissafa, don kada sabon rinjaye a majalisa ya kwashe tawaga saboda ƙiyayyar siyasa kawai.

Mataki na 9: Bayan an tashi

Taro ba ya gyara kundi, shawara kawai yake fitarwa. Majalisar tarayya ce za ta zaɓi ko majalisun jihohi ne za su tabbatar ko tarukan jihohi, shugaban ƙasa kuma ba shi da hannu a ciki, kamar yadda Kotun Ƙoli ta nuna tun 1798. Jihohi 13 sun isa su kashe kowane gyara.

Doka ta wajabta wa tawaga miƙa cikakken rahoto cikin wa'adi, misali kwana 30, wanda ya ƙunshi kowace ƙuri'a, da kowane umarni da aka aika musu, da kowace amsar da masu ba da shawara suka bayar, da lissafin kuɗi. Wakilin da ya saɓa wa mafi rinjaye ya rubuta nasa rahoton a haɗa. Daga nan su bayyana gaban majalisa a zaman da kowa zai halarta, su amsa tambayoyi bisa rantsuwa, kwamitin sa ido kuma ya faɗi ra'ayinsa a rubuce kan ko gyaran da aka fitar yana cikin abin da jihar ta nema. Sai an kammala wannan za a sa batun tabbatarwa a jadawalin majalisa, kuma ranar da aka karɓi rahoton ita ce ranar da wa'adin wakilan ke ƙarewa.